A ba ni ruwan, ni zan kai mata

Ranar da na kwana uku da haihuwa, wajen ƙarfe biyu na rana, Hajiya ta ɗaga labulen ɗakina riƙe da ɗan kofin silba da cokalin shayi a ciki. Tsakiyar watan Maris ne na 2022. Wanda ya san Zariya a wannan lokaci ya san abin da nake nufi: sanyi ya tattara ya tafi, hadari ko alamarsa babu, kwanon rufi sai ƙas-ƙas yake yi don zafi, wuta kuwa tun asuba aka ɗauke ta. Jaririyar tana kwance a kan zani tana ta mamular baki.

"Ɗago min kishiyar tawa," in ji Hajiya. "Dubi leɓenta. Ke da kike babba kin kusa ƙarar da randa tun safe, ita ko ɗigo?"

Ruwan tafasasshe ne, ta bar shi ya huce, ta ɗiga masa zamzam ɗin da take ɓoyo tun zuwanta Umara. Da ƙauna ta kawo shi, wannan ko shakka babu. Kuma ni ban taso na ga ana musu da suruka ba. Sai na russuna na karɓi kofin da hannu biyu, na ce, "Hajiya, a ba ni, ni zan kai mata." Na kafa kai na shanye tas, na ɗauki yarinya na sa ta a nono. Hajiya ta tsaya tana kallona kamar ta ga sabuwar halitta. Can ta ce, "Ikon Allah. 'Yan boko ke nan." Ta ɗauki kofinta ta fita.

Ba raini ne ya sa ni ba, tsoro ne. Ɗana na fari (sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko a rubuce) a gidanmu na yi wankansa, shekara uku kafin nan. Lokacin abin da aka ce shi nake yi. Kwana biyu ba a sa shi a nono ba, wai dakashi ne, sai ya wuce. Aka riƙa ɗura masa ruwan ɗumi da sukari, daga baya aka kawo dauri, kullum safe da yamma. Yana wata biyu da 'yan kwanaki gudawa ta kama shi. Kwana ɗaya da wuni maɗigarsa ta faɗa, idanu suka zurma, yana kuka ba hawaye. Kwana biyar muka yi a gadon asibiti, kuma har yau in na rufe ido ina ganin yadda aka yi ta neman jijiya a ɗan hannun nan don a sa masa ƙarin ruwa. Likitan da ya duba shi tambaya ɗaya ya yi min: ban da nono, me kuke ba shi? Da na fara lissafi, sai ya ajiye biro ya ɗago ya kalle ni. Bai yi faɗa ba. Gara ma ya yi.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Shi ya sa a cikin na biyu, duk ranar awo nakan zauna a bencin gaba, in hana sista sakat da tambayoyi. Ita ce ta fara gaya min cewa nonon uwa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne. Wanda ke fara zubowa in yaro ya kama tsinkakke ne, shi ke kashe ƙishi. In ya ci gaba da tsotsa sai mai maiƙo ya biyo baya, shi ke riƙe ciki. Don haka in ana zafi za ki ga jariri yana yawan neman nono, ya ɗan sha ya saki, anjima ya sake nema. Ƙishirwa ce yake kashewa, kuma ya san inda randarsa take. Cikin jariri a ranar farko bai fi ya ɗauki cokalin shayi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. In kin cika shi da ruwa, kin tare wurin abinci da abin da ba ya gina komai. In ya rage tsotsa, nonon ma ya rage zuwa. Ga ƙwayoyin cutar da kan biyo ruwa, ko cokali, ko hannun mai bayarwa. Kuma ruwa in ya yi wa jariri yawa yana tsinka gishirin jininsa har ya kai shi ga jijjiga. Abin da aka yarda ya shiga bakinsa ban da nono a wata shida na farko shi ne maganin da likita ya rubuta, ɗigon rigakafi, da ruwan gishiri da sukari in lalura ta kama.

Daga baya na ga alƙaluman binciken lafiya na ƙasa: a 2013 kashi 17 cikin 100 na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ne ke shan nono zalla, a 2018 ya kai 29. Ban yi mamaki ba. Mu ai ba ƙin shayarwa muke yi ba. A unguwarmu ban san macen da ba ta ba da nono ba sai da dalili mai ƙarfi. Ɗan cokalin nan na ruwa shi ke ɓata lissafin, shi ya sa gangamin da gwamnati ta ƙaddamar a 2019 ya tsaya a kan ruwan kawai: ko ɗigo kada a bayar.

Rigimar dakashi ta fi sauƙi. Wannan karon a asibiti na haihu, kuma tun kafin awa guda ta cika aka ɗora min ita a ƙirji, ta laluba ta kama da kanta. Da muka dawo gida, Gwaggo, ƙanwar babanmu da ta zo yi min wanka, ta ce a tatse wannan rawayan a zubar, har tana ba ni labarin yadda a zamaninsu ake jefa tururuwa a cikin nonon da aka tatsa, in ta mutu a ce nonon mugu ne. To ina tururuwar da za ta faɗa cikin abu mai kauri da danƙo ta fita lafiya? Ban ce mata haka ba. Gwaggo mai kiwo ce, akuyoyinta ta fi sanin halinsu fiye da na jikokinta. Na ce, "Gwaggo, in akuyarki ta haihu kina hana ɗan shan dakashi?" Ta ce, "Wa? Ai mutuwa zai yi." Sai ta yi shiru, ta ci gaba da ninke zannuwa. Ba ta sake tayar da maganar ba. Dakashin nan shi ne rigakafin farko: cike yake da garkuwar jikin uwa da bitamin A, kuma shi ke tura baƙin kashin farko waje, abin da ke rage wa jariri shawara.

Da kakanta ya tauna dabino ya shafa mata a dasashi, ban ce uffan ba. Shafa ce sau ɗaya, kuma sunna ce. Zuma ce na tsaya kai da fata a kanta, don ba a ba yaron da bai shekara ba zuma: takan zo da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya kashewa ba, mai shanye jiki. Rubutu kuwa, duk wanda aka aiko da shi don jaririya, ni nake shanyewa. Har abin ya zama abin dariya a gidan. In Hajiya ta aiko yaro da wani abu sai ta ce, "Kai wa 'yar aiken."

Na ɗauka da na ci wannan yaƙin shi ke nan. Ashe babbar matsalar ba a bakin yarinya take ba, a kwanona take.

Daga haihuwa zuwa suna mai jego sarauniya ce. Ƙauri ya zo, ƙafafun sa har huɗu da kayan yaji, farfesun kaza, tsire da daddare, ranar suna ga rago. Amma a lura da kyau da abin da ke faruwa washegarin suna. Naman an raba shi gida-gida, 'yan barka sun ci rabonsu, soyayyen da ya rage an ƙulle shi a fanteka ana tsakura wa baƙi. Mai jego ta koma kunu. Kunu da safe, kunu da hantsi, kunu da la'asar, tuwo da dare in an gama raba wa kowa. Ana kallon fulas ɗin kunu a gefen gado sai a ga ai tana cikin daula.

Ni kuma sai nawa ya haɗu da azumi. A farkon Afrilu aka ɗauka, ina da mako biyu da 'yan kwanaki da haihuwa. Gida gaba ɗaya ya kame baki, tukunya ba ta hawa wuta sai bayan la'asar. Ni ina cikin jinin biƙi, azumi bai hau kaina ba, amma kunya ta hau. Yaya zan ce wa Gwaggo, tsohuwa mai azumi da ta gama dafa ruwan wanka a wannan rana, ta koma murhu ta dafa min wake? Yaya ƙamshin miya zai tashi daga ɗakina da azahar? Sai na riƙa lallaɓawa da kunu da 'yar guntuwar burodi har a sha ruwa. A lokacin ne kuma maganar ba wa yarinya ruwa ta dawo sabuwa, don duk wanda ya shigo da busasshen maƙogwaro, in ya kalle ta ƙishirwarsa yake gani a fuskarta.

Wata safiya na fito daga wanka, na kai hannu zan ɗauki zani, sai na ga bango yana juyawa. Da ƙyar na dafa ƙofa na sulale ƙasa. Ranar da muka koma asibiti aka ɗora yarinya a sikeli, ta ƙaru sosai, kumatu har sun fara fitowa. Sista ta yaba, sannan ta juyo ta ja fatar idona ƙasa, ta buɗe tafin hannuna. Ta ce, "Maman Bebi, ita dai ta ci. Ke fa?" Na ce ina shan kunu sosai. Ta yi dariya ta ce kunu ai gero ne da ruwa, a gaishe shi, amma ba ya ƙera jini. Aka gwada, jinina ya yi ƙasa.

Abin da na fahimta ranar shi ne ya sa na zauna rubuta wannan. Mai shayarwa tana fitar da nono kusan kashi uku cikin huɗu na lita a kullum, kuma yin sa yana cin kusan kalori 500 a kan abin da jikinta ya saba buƙata, wato kamar ƙarin kwanon abinci guda mai kyau. In ba ta samu ba, nonon ba ya tsayawa. Allah ya tsara jikin uwa ya fifita ɗan: zai ɗebo daga kitsenta, daga tsokarta, har kalsiyam daga ƙashinta, ya zuba a nono. Shi ya sa za ka ga jariri ɓul-ɓul a bayan uwa kamar kara, kowa yana yaba goyo, ba mai tambayar da me aka biya. Wasu abubuwan kuma, irin su bitamin A, dangin bitamin B da aidin, yawansu a nono yana bin abin da uwar ta ci ne. In babu a kwanonta, na yaron ma ya ragu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma mu mun sa ido a kan guga mun manta da mai ja.

Da daddare bayan tarawi na ce da maigidan ina da magana. Shi malamin makaranta ne kamar ni, abu sai da lissafi yake shiga kansa. Na ce gobe in ya fita ya tsaya a kanti ya tambayi kuɗin madarar jarirai ta gwangwani, mai giram 400, ya kuma sani cewa in ita kaɗai yaro zai sha, kwana huɗu take yi. Ya dawo ya zauna a bakin gado ya yi tagumi. Na ce, "Malam, ba duka nake so ba. Rabin wannan kuɗin za ka ba ni, amma a wake da ƙwai da kifi." Sannan na tuna masa ayar da kowa ya haddace rabinta. In ana maganar shayarwa, kowa zai kawo aya ta 233 a Suratul Baƙara, cewa uwaye su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku. Gaskiya ne. Amma ayar ba ta tsaya nan ba. Abin da ya biyo baya kai tsaye shi ne cewa ciyar da su da tufatar da su yana kan uban ɗan, gwargwadon hali. Ya yi murmushi ya ce ashe tarko aka ɗana masa. Amma washegari ga kiret ɗin ƙwai a bayan babur.

Ba wani abincin 'yan gayu na koma ci ba, kuma ban sayi ko ɗaya daga garin "ƙarin nono" da ake tallatawa a waya ba. Dabarar farko ita ce kula: duk abin da aka dafa na sahur a ɗebar min a rufe, in ci da hantsi, ba sai an hura wuta don ni ba. Da safe kunun gyaɗa da dafaffen ƙwai biyu, ko ƙosai. Zogale muna da bishiyarsa a bayan ɗaki, shekara da shekaru sai dai awakin maƙwabta su more. Na sa aka riƙa tsinko min, a dafa, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa. Wake ya zama abokina: yau da shinkafa da manja, gobe fate da alayyafo, jibi ɗanwake. Miyar kuka da na raina a da, in aka daka busasshen kifi da ƙayarsa aka zuba, aka sa daddawa, ta zama wani abu dabam, don ƙayar nan kalsiyam ce. Awara daga gidan maƙwabciya. Fura da kindirmo in an samu na dafaffiyar madara. Hanta sau ɗaya a mako, ranar Juma'a, ita ce kaɗai abin da zan kira tsada a ciki. Gishiri kuwa na leda mai aidin, aka daina sayen na awo a buɗe.

Lokacin mangwaro ne, kuma nan ma sai da aka yi. Wai in na sha, yarinya za ta yi gudawa. Wai miyar kuɓewa tana sa yaro dalala. Na sha mangwarona, na ci kuɓewata. Dalala dai ta yi ta lokacin da kowane yaro ke yi. Da damina ta sauka kuwa sai abin ya zo da sauƙi, ga rama, ga yakuwa, ga tafasa, ga lalo, kusan kyauta.

Abu ɗaya da ya ba ni wuya shi ne shayi. Ni mayyar shayi ce, da shi nake kora kowane abinci. Ashe yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye, wanda shi ne ake ƙera jini da shi. Ban daina ba, ƙarya ne in ce na daina. Na dai matsar da shi nesa da lokacin cin abinci da kamar awa ɗaya ko biyu, na maye gurbinsa da lemon zaƙi ko gwaiba, waɗanda su taimakawa suke yi. Na kuma koma kan jajayen ƙwayoyin ƙarin jinin nan da na watsar ranar da na haihu, don na ɗauka na masu ciki ne kawai. Suna baƙanta bayan gida, suna ɗan ɗaure ciki. Hakan ba komai ba ne. Ruwa kuwa ba a yi min ƙa'idar kofi kaza ba. Duk sanda na zauna shayarwa akwai kofi a gefena, don da ta fara tsotsa ƙishi ke taso min. Shan fiye da ƙishi ba ya ƙara nono, sai dai ya ƙara zirga-zirgar bayi.

Sai kunun kanwa. A nan ne muka fi daɗewa da Gwaggo, don a wurinta jego ba kanwa ba jego ba ne: ita ke wanke ciki, ita ke kawo nono, ita ke mayar da ƙarfi. Ta zo da ƙullinta tun daga gida. Ni kuma a watan ƙarshe na cikin jinina ya hau, ƙafafuna suka kumbura, kuma an gargaɗe ni da gishiri. Kanwa kuwa 'yar'uwar gishiri ce, tana sa jiki ya riƙe ruwa, zuciya ta yi ta fama da kayan da suka fi ƙarfinta. Wannan ba labarin wata ƙasa ba ne. A nan Zariya, tun shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawan matan da ake kawowa da ciwon zuciya 'yan makonni bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kanwa, da wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya ƙara haska wasu dalilan, irin su ramar uwa, hawan jinin ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Ko ta wane gefe aka duba, maganar ta koma kan abin da mai jego ke ci da sha. Kuma duk mai jegon da ta ga ƙafafunta suna kumbura, tana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, ko tari yana hana ta kwanciya sai a zaune, wannan ba "iskar jego" ba ce, asibiti za a nufa a ranar.

Muka yi sulhu. Kunu yana nan, da citta da kanumfari da masoro da kimba yadda take so, amma da tsamiya, ba kanwa. Wanka yana nan da ganyen darbejiya, amma a surka ruwan har sai gwiwar hannu ta iya jurewa. Kuma kada a ɗauka ina cikin masu cewa a watsar da jego gaba ɗaya. Kwana arba'in da mace za ta yi ba daka, ba wanki, ba ɗaukar ruwa, wata tana kula da ita dare da rana, wannan gata ne da matan ƙasashe masu arziki da yawa ba su samu ba. Waɗanda suka tsara shi sun san abin da suke yi. Ni dai kanwar da zafin ruwan nake so a rage, a ƙara wake.

Da jini ya ɗauke ana saura 'yan kwanaki salla, na gwada azumi ɗaya. Kafin la'asar kaina kamar zai tsage, yarinya tana ta fizgar nono tana kuka. Na aika wa malamarmu ta Islamiyya, ta ce mai shayarwa in ta ji wa ɗanta tsoro tana da rangwame, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya za ta rama ta kuma ciyar. Na ajiye. Da sanyi ya shigo na rama abina a hankali.

Wajen mako na shida yarinya ta rikice. Kwana uku kamar an manna ta a ƙirjina, ta sha ta saki ta yi kuka ta sake kamawa. Nonon kuma ya yi laushi, ba ya cika ya yi tauri kamar da. Hajiya ta shigo ta zauna, ta ce, "'Yar nan, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Nonon nan bai ishe ta ba." A gaskiya ni ma zuciyata ta fara raurawa. Abin da ya cece ni shi ne ƙirga. Na roƙi Hajiya ta taya ni lissafin nafkin ɗin da aka jiƙa daga asuba zuwa asuba, don an gaya min in ya kai shida ko fiye, fitsarin kuma ba ja ba, to yaro yana samun abin da ya ishe shi. Muka samu takwas. Ashe girma ne ya zo mata a lokaci guda, tana yawan tsotsa ne don ta kira ƙari, kuma nono haka yake: gwargwadon cirewa, gwargwadon zuwa, musamman shan dare, lokacin da sinadarin da ke sa a yi nonon ya fi yawa a jiki. Kwana na huɗu ta lafa. Tun daga ranar Hajiya ta zama mai binciken igiyar shanya.

Komawa aiki ne ya kusa karya ni. Tun 2019 Jihar Kaduna ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida, amma ni a makarantar kuɗi nake koyarwa. Dokar ƙwadago ta ce mako 12. Ni wata biyu aka ba ni, aka kuma nuna min cewa akwai masu jiran gurbin. Na koma. Kullum bayan sallar asuba in wanke hannu in tatsa a kofi mai murfi da na tafasa. Ranar farko da na miƙa wa Hajiya, ta ja da baya. "Nonon mutum a kofi? Sai ka ce na saniya?" Amma ita ce ta ƙware wajen ba ta da ɗan ƙaramin kofi, a zaune a cinya, kaɗan-kaɗan, ba fida. Firij ɗinmu ado ne saboda rashin wuta, don haka mukan sa kofin a kwano mai ruwan sanyi a gindin randa, kuma ba ya wuce awa huɗu. Lokacin tara in hau acaɓa in zo in shayar in koma, rigata wani lokaci a jiƙe, ina rufewa da hijabi. Akwai ranar da na zauna a bayan aji na yi kuka ba tare da wani ya taɓa ni ba. Shi ya sa ba na ɗaga wa kowace mace hanci a kan wannan. Ina da gida kusa, ina da suruka a gida, ina da miji mai kawo ƙwai. Wadda ba ta da ko ɗaya fa? Akwai kuma wadda ciwo ya hana, akwai jaririn da uwarsa ta rasu. Waɗannan ma'aikatan lafiya ne za su nuna musu hanya, ba masu gori ba.

Tsakiyar Satumba ta cika wata shida. Sabuwar gyaɗa ta fara shigowa kasuwa. Na soya gero da waken suya da gyaɗa, aka niƙo, na dama mata kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali, na sa ɗan garin kifi. Nono yana nan, sai ta shekara biyu in Allah ya yarda, amma yanzu an buɗe ƙofa. Na aika a kira Hajiya, na ce ita za ta fara.

Ta zo da kofin nan na silba. Ashe ta adana shi. Ta zauna a tabarma ta ɗora yarinya a cinya, ta ce, "To kishiya, wata shida ina jiran ki." Ta yi bisimilla ta kai cokalin ruwa bakinta. Yarinya ta tamke fuska, ta juya shi a baki, ta furzo shi a zanin Hajiya, ta waiwayo tana miƙo min hannu. Aka yi ta dariya har da Malam da ke bakin ƙofa. Kunun dai ta karɓi cokali uku.

Hajiya ta goge zaninta, ta leƙa sauran ruwan da ke cikin kofin, ta miƙo min.

"Ungo," ta ce. "Ke kika saba."